Babi na Biyar: Rangwamen Ɗalibi ko Manhajar Kyauta?

Ranar da kwamfuta ta fara shigowa hannun ɗalibi, ko sabuwa ce dal a kwalinta ko ta hannu ce da yayansa ya sayo masa a Kano, tambaya ɗaya ce ke biyo bayan murna: to, da me za a yi rubutu a cikinta? Abokan karatu za su ce ai kamfanin Microsoft yana yi wa ɗalibai rangwame, wani lokacin ma kyauta yake ba su. Wasu su ce me zai kai mutum ga biyan kuɗi alhali ga manhajojin da ba a karɓar ko sisi a kansu. Mai gyaran kwamfuta kuma da tasa amsar: a miƙo ɗan abin da ya sawwaƙa, nan da rabin awa ya zuba komai.

Hanyoyi uku ke nan, kuma kowacce akwai abin da take ci, ko da ba a ga kuɗi sun fita daga aljihu ba. Amsar da ta dace da mai karatu a Landan ba lallai ta yi wa wanda ke zaune a bakin iyaka daidai ba, don haka za a duba lamarin daga inda ɗalibin Kongolam yake tsaye.

Gari a bakin iyaka

Kongolam na cikin ƙaramar hukumar Mai'adua, a masarautar Daura. Nan titin da ya taso daga Kano ya ratso Kazaure da Daura yake ƙarewa a ɓangaren Najeriya. Da an tsallaka sai Ɗan Barto, sai Matamaye, har Damagaram. Gari ne na 'yan kwastan da jami'an shige da fice, na direbobin manyan motoci, na fatake masu kai dabbobi kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Duk harkokin nan takarda suke ci: rasit, jerin kaya, wasiƙar neman izini, lissafin bashi.

A 'yan shekarun nan wata buƙatar ta ƙaru a kan wannan. Daura, wadda ke 'yar tafiya kaɗan daga Kongolam, ta zama garin manyan makarantu. Bayan Kwalejin Yusuf Bala Usman da makarantar kiwon lafiya ta Sani Zangon Daura, an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, kuma a Disambar wannan shekara aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa. Wasu yaran yankin kuma suna Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Alƙalam a Katsina, wasu suna Dutsinma. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu, ba makawa wata rana malami zai ce a kawo aiki a buge, a ƙarshe kuma ga kundin kammala karatu mai shafuka masu yawa yana jira. Tun daga jarrabawar JAMB ma, wadda aka mayar kacokan kan kwamfuta a 2015, yaro ya san cewa biro kaɗai ba zai kai shi ba.

Me ake sayarwa?

Abin da jama'a ke kira Word ɗaya ne daga cikin tarin manhajojin ofis na Microsoft: Word na rubutu, Excel na lissafi, PowerPoint na gabatar da bayani. Ta ƙofa uku ake samun su bisa ƙa'ida.

Ta farko ita ce saye sau ɗaya. Mutum ya biya, ya sa a kwamfuta ɗaya, shi ke nan. Na baya-bayan nan a wannan rukuni shi ne Office 2024, wanda ya fito a Oktoban 2024, kuma a lokacin farashin na gida a Amurka dala 149.99 ne. Kamfanin zai ci gaba da toshe masa kafofin ɓarna har zuwa Oktoban 2029, daga nan ya saki hannunsa.

Ta biyu ita ce biya duk wata ko duk shekara, wato Microsoft 365. A Janairun 2025 kamfanin ya ɗaga farashin na mutum ɗaya a Amurka daga dala 69.99 zuwa 99.99 a shekara. A nan ne ake samun rangwamen ɗalibai, wanda a wasu ƙasashe ke kai rabin farashi, da sharaɗin mutum ya tabbatar cewa ɗalibi ne, ya kuma sake tabbatarwa lokaci-lokaci.

Ta uku ta makaranta ce. Idan makaranta ta yi rajista da Microsoft ta kuma ba ɗalibanta adireshin imel mai ɗauke da sunanta, akwai tsarin da ake kira A1, wanda ba a biyan komai. Sai dai Word da Excel ɗin da ke cikinsa a intanet suke aiki, ba a sauke su a kwamfuta. Waɗanda ake saukewa suna cikin tsare-tsaren da makaranta ke biya wa kuɗi. Saboda haka matakin farko ga kowane ɗalibi shi ne ya taka zuwa sashen kwamfuta na makarantarsu ya tambaya: ana ba da imel na makaranta? Idan ana bayarwa, wane tsari ne a kansa? Da yawa sukan gama karatu ba su taɓa yin wannan tambayar ba.

Lissafin naira da dala

Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. A wannan lissafi, dala 149.99 ta kai kusan naira 225,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ke nan albashin wata uku cur bai biya ba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND kuwa naira 20,000 yake ba ɗalibi a wata don ɗawainiyar kansa. Sai ya tara na wata goma sha ɗaya bai ci bai sha ba, kuma da saura.

Kamfanin kan yanka wa wasu ƙasashe farashi da kuɗinsu, wani lokacin da sauƙi a kan na Amurka, amma tushen lissafin yana can ƙasar dala. Rabin abu mai tsada har yanzu tsada ne ga uban da gero da wake ne dukiyarsa. Ga kuma wahalar biyan kanta: tun daga 2022 bankuna da dama suka taƙaita ko suka dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Ɗalibi na iya samun rangwamen a gabansa, da kuɗin a asusunsa, katin ya ƙi wucewa.

Ranar da aka gama karatu

Babban abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba shi ne rangwamen yana da wa'adi. Wanda ya kama hayar rumfa a kasuwar Mai'adua ya san wannan yanayi sarai: kayan da ke ciki nasa ne, amma rumfar ba tasa ba ce, ranar da haya ta ƙare kuma bai sabunta ba, sai dai ya leƙa kayansa ta taga. Haka Microsoft 365 yake. Idan biya ya tsaya, manhajar ba ta ɓacewa daga kwamfuta; tana buɗe takarda a karanta, a ma buga ta, amma ba ta yarda a gyara ko harafi ɗaya, ba ta kuma buɗe sabon shafi.

Na makaranta ya fi wannan tsanani, domin asusun ma ba na ɗalibin ba ne. Makaranta ce ke riƙe da shi, ita ke yanke ranar rufe shi. Wanda ya tara ayyukansa na shekara huɗu a ma'ajiyar OneDrive ta wannan asusu, bai kwafe su wani wuri ba, yana iya wayar gari lokacin bautar ƙasa ya tarar ƙofa a garƙame, daidai lokacin da yake neman kundinsa don cike takardar neman aiki.

Haka abin yake a sauran kamfanoni. Adobe, masu Photoshop, suna yi wa ɗalibi babban ragi a shekarar farko, a ta biyu farashin ya tashi. Autodesk, masu AutoCAD da ɗaliban injiniya da zanen gine-gine ke buƙata, suna ba da lasisin shekara ɗaya kyauta, ana sabuntawa muddin ana karatu, amma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Kamfanonin ba su ɓoye manufarsu ba: hannun da ya saba da kayansu yana ɗalibi, shi zai biya cikakken farashi idan ya zama ma'aikaci. Kasuwanci ne halattacce, kuma ɗalibi na amfana da shi ƙwarai. Abin da ake so kawai shi ne ya shiga da idonsa a buɗe.

Su wane ne na kyautar?

Ba duka na kyauta ne iri ɗaya ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa.

LibreOffice ita ce mafi cika a cikinsu. Asalinta wata manhaja ce mai suna StarOffice, ta wani kamfanin Jamus. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye ta a 1999, a shekara ta 2000 ya buɗe wa duniya sirrin ƙirarta da sunan OpenOffice. Da kamfanin Oracle ya haɗiye Sun a 2010, masu aikin sa-kai da ke raya ta suka ji tsoron makomarta, suka ɓalle suka kafa gidauniya mai zaman kanta wadda a yau ke da mazauni a Berlin, suka fitar da LibreOffice ta farko a Janairun 2011. A cikinta akwai Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Ba lasisin saye, ba rajista, ba talla, ba wa'adi. Dokar da aka sake ta a kai ta yarda kowa ya kwafa ya ba kowa, ya kuma yi sana'a da ita.

Kuma ba abin wasan yara ba ce. Jandarmomin Faransa sun bar Office na Microsoft suka koma OpenOffice tun 2005. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 na ma'aikatanta kan LibreOffice. Akwai kuma inda tafiyar ta yi tuntuɓe: birnin Munich ya yi shekaru a kan manhajojin kyauta, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, ɗaya daga cikin ƙorafe-ƙorafen kuwa shi ne wahalar musayar takardu da sauran ofisoshi.

WPS Office ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin ce, kuma ita ɗalibai suka fi sani saboda tana cikin wayoyi da yawa. Fuskarta ta yi kama da ta Word sosai, tana da sauƙin nauyi. Amma kamfani ne mai neman riba: ta kyautar tana zuwa da tallace-tallace, wasu ayyukan kuma sai an biya ake buɗe su.

Sai Google Docs, wadda ta fara a 2006, da gurbin ajiya na gigabait 15 ga duk mai asusun Gmail. Ba ta da na biyu wajen aikin rukuni, inda mutum biyar za su rubuta takarda ɗaya kowa daga inda yake. Microsoft ma yana ba da Word na intanet kyauta ga duk wanda ya buɗe asusu, da gigabait 5. Su biyun nan gidansu intanet ne.

Wuta da sabis

A Kongolam wannan magana ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Manhajar da ke aiki a intanet tana buƙatar abu biyu kafin a rubuta kalma ɗaya: sabis mai ƙarfi da data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. A garin kan iyaka kuma waya kan yi ta lilo tsakanin layin gida da na maƙwabta. Wuta ma ba a cewa komai: a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka lalace, Katsina da Kano da maƙwabtansu sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Ɗalibin da ya samu cajin awa biyu a shagon mai sola, so yake kowane minti ya tafi a rubutu, ba a jiran shafi ya buɗe ba.

Google Docs tana da hanyar aiki ba tare da intanet ba, amma sai an shirya ta tun da sauran sabis. Shi kansa Microsoft 365 da aka sauke a kwamfuta yana so a haɗa shi da intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 don ya tabbatar biya na nan. Idan aka wuce, sai ya janye ikon gyara har ranar da aka haɗa.

LibreOffice sau ɗaya take cin data, kuma fayil ɗin saukewar bai kai rabin gigabait ba. Mutum ɗaya ya sauke a Daura inda sabis ke da kyau, ya zuba a fulash, ya raba wa ajinsu duka, da ƙannensa a gida, da mai shagon buga takardu na unguwa, ba tare da ya taka dokar kowa ba. Daga nan ko shekara za a yi ba intanet, tana buɗewa tana aiki. Rauninta a nan shi ne waya: an gina ta don kwamfuta ne, wanda waya ce kaɗai abin hannunsa sai ya nemi 'yar'uwarta Collabora Office, ko ya riƙe WPS ko Word na waya.

A shagon buga takardu

Inda ake gane gaskiyar kowace manhaja shi ne gaban firinta. A ɗauki ɗalibar da ta gama kundinta, shafi sittin da wani abu, ta bi umarnin sashensu: harafin Times New Roman, girma 12, tazara biyu tsakanin layuka. Ta zo shago da fulash, janareta na ruri, mutane na layi a bayanta. Mai shago ya buɗe fayil ɗin a tsohon Word ɗinsa. Kanun babi na uku, wanda ya kamata ya hau saman shafi, ya sauko can ƙasa shi kaɗai. Jadawalin sakamako ya rabe gida biyu. Lambobin shafukan da ke jerin abubuwan ciki duk sun saɓa.

"Malam, wallahi a tawa ba haka yake ba," abin da ake ji ke nan kullum. Mai shagon da ya san aikinsa kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ƙanwata, ki mayar da shi PDF ki kawo, ki huta."

Gaskiyarsa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan manhajar kyauta, alhali hakan na faruwa ko tsakanin Word da Word. Dalilai biyu ne suka fi yawa. Na farko siffar harafi: idan kwamfutar shago ba ta da irin wadda aka yi rubutun da ita, sai ta musanya da wata mai faɗi daban, layuka su goce. Tun da Microsoft ya sauya Calibri da Aptos a matsayin harafin farko daga 2023, takardar da aka rubuta a sabon Word kan sauya kama a tsoho. Na biyu kuma halin mai rubutu ne: wanda ke danna Enter sau goma sha biyar don ya kai sabon shafi ya gina takardarsa a kan iska. Danna Ctrl da Enter tare yana yanke shafi yankan da ba ya motsi, a Word da Writer duka.

Akwai kuma batun nau'in fayil. Word na adanawa a docx tun Office 2007, LibreOffice kuma nata na asali odt ne, amma tana buɗe docx tana kuma adanawa a cikinsa, ana ma iya saita ta ta riƙa yin hakan kullum. Ga wasiƙa, aikin aji da kundi mai tsari mai sauƙi, bambancin ba ya taka kara ya karya. Inda ake samun tangarɗa shi ne takarda mai ado da yawa, akwatunan rubutu a kan hotuna, ko fayil ɗin PowerPoint mai motsi iri-iri. Ƙa'idar da ke raba gardama gajera ce: abin da malami zai gyara a tura masa a docx, abin da za a buga a kai shi a PDF. Gyare-gyaren malami da sharhinsa na gefen shafi suna bayyana a duka biyun, manhajar Zotero ta kyauta mai jera manazarta kuma tana aiki da kowacce.

Haruffa masu ƙugiya

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin damuwa. Ɓ, ɗ da ƙ ba su kan madannai na yau da kullum, a hayin Nijar kuma ana ƙara ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Mutane kan ɗauka sai manhaja mai tsada ce ke fitar da su. Ba aikin Word ko Writer ba ne. Windows na da tsarin madannai na Hausa da ake kunnawa a saituna, a waya kuma Gboard na da shi. Da an kunna, haruffan na shiga kowace manhaja. Abin lura shi ne a zaɓi siffar harafi mai ɗauke da su, don kada ƙ ta fito a matsayin ɗan akwati a shagon bugu. Charis da Andika na cibiyar SIL kyauta ne, kuma an yi su don irin wannan aiki.

Cibiyar ta kuma fitar da siffar rubutu mai suna Alkalami, wadda aka zana bisa salon ajamin Kano da Nijar. Malamin tsangaya ko ɗalibin sashen Hausa da ke son buga rubutun ajami yadda ido ya saba gani a allo, zai iya sa ta a LibreOffice ko a Word, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Fasasshiyar manhaja

Hanya ta uku, ta mai gyaran kwamfuta, ita ce mafi yawan mutane ke kai. Rahoton da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 80 cikin ɗari na manhajojin da ke kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi. Yawancin masu amfani da su ba da niyyar cuta suka yi ba. Haka suka sayi kwamfutar, ba wanda ya taɓa gaya musu akwai wata hanya.

Amma haƙƙi haƙƙi ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta haɗa har da manhajojin kwamfuta. Ko an ajiye doka gefe, akwai haɗarin da ke kusa da jiki. Don a fasa kullen Office, sai an kashe garkuwar kwamfuta an shigar da wata 'yar manhaja da ba a san wanda ya ƙera ta ba, an kuma ba ta cikakken iko. Masu binciken tsaron intanet sun sha kama irin waɗannan ɗauke da ɓarayin lambobin sirri. A kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita, ake cike rajistar makaranta, wannan kasada ce babba.

Sannan yawancin fasassun tsofaffi ne. Office 2007 ya daina samun gyaran tsaro a 2017, na 2010 a 2020, na 2013 a 2023, na 2016 da 2019 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Ga kuma jan layin nan da kan fito a saman shafi yana cewa kunnawa ta gaza, wanda bai san daren da ake gaggawar miƙa aiki ba. Tun da akwai halattacciya wadda ba ta cin ko sisi, uzurin rashin kuɗi ya ragu ƙwarai.

To, neman aiki fa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a riƙe Microsoft, kuma tana da tushe. Sanarwar ɗaukar aiki a banki, a ma'aikatar gwamnati, a ƙungiyoyin agaji, Word da Excel take ambata da sunansu. Wanda zai zauna gwaji a gaban Excel dole idonsa ya saba da inda kowane maɓalli yake.

Sai dai ilimin da ke ƙarƙashi ɗaya ne. Ƙa'idar tara lambobi ta SUM, ta sharaɗi ta IF, ta neman bayani ta VLOOKUP, yadda ake rubuta su a Excel haka ake rubuta su a Calc. Wanda ya iya jera kanun babi, ya fitar da jerin abubuwan ciki da kansa a Writer, kwana kaɗan zai yi ya gane wurinsu a Word. LibreOffice ma tana da zaɓin sauya fuska ta koma mai kama da ta sabon Office. Inda hanya ta rabu da gaske shi ne manyan ayyukan Excel, irin ƙananan shirye-shiryen da akantoci ke rubutawa su sarrafa lissafi da kansu. Ba duka ke tafiya lafiya a Calc ba. Ɗalibin akanta ko ƙididdiga yana buƙatar Excel na ainihi a hannunsa, kamar yadda ɗalibin Jami'ar Sufuri mai zanen gada ko layin dogo zai ci moriyar lasisin AutoCAD na ɗalibai matuƙar yana da damarsa.

Wanne za a ɗauka?

Ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Su biyun suna zama a kwamfuta ɗaya lafiya lau. Abin da ya fi dacewa da ɗalibin Kongolam shi ne ya fara da abin da ba mai ƙwace masa: ya sa LibreOffice, ya saita ta tana adanawa a docx, ya koyi fitar da PDF. Da wannan kaɗai zai rubuta aikin aji, kundi, takardar neman aiki, har lissafin shagon mahaifinsa, da sabis ko babu, yana ɗalibi ko ya gama.

Bayan haka, idan makarantarsu na ba da imel mai ɗauke da Office, ya karɓa da hannu biyu, ya koyi Word da Excel sosai tun da damar na nan, amma duk abin da ya rubuta a can ya sauko da kwafinsa cikin kwamfutarsa kafin ƙarshen kowane zango. Biyan kuɗi, ko da rangwame ne, ya bar wa wanda fanninsa ya tilasta masa, shi ma bayan ya karanta farashin shekara ta biyu da ranar da za a sake cirar kuɗi a katinsa. Mai shagon buga takardu a bakin boda, wanda ba ɗalibi ba ne balle ya sa ran rangwame, shi ne ma ya fi kowa cin ribar ta kyautar, tun da an yarda ya yi sana'a da ita a kan kwamfuta ko nawa yake da su.

Saura tambaya ɗaya da ta yi ta leƙowa a babin nan: shi kwafin da ake ta cewa a ajiye, a ina za a ajiye shi? Fulash da ke yawo daga shago zuwa shago kan kwaso cutar da ke ɓoye fayiloli, kwamfuta ta hannu kan mutu ba sallama, waya kan faɗi a kasuwa. Babi na gaba zai duba yadda ake adana aiki a wurare fiye da ɗaya da ɗan ƙaramin data, da abin da ake yi a awa ta farko idan kundin shekara guda ya ɓace.